Libarbar da ta kwance mini zane a Mas'a

Kafin sunana ya ɓaci a unguwar Jarwal ta Makka, ni mai liƙin gwangwani ne. Kada ku yi dariya, samari, sana'a ce. An taso da ni daga ƙasar Katsina a bayan uwata, na iso Makka da ƙafata ina da haƙoran manya, don mun daɗe a Sudan muna tsinkar auduga. Karatuna bai wuce izu biyu ba, su ma rabinsu sun zube. Wannan rubutu da kuke gani haka yake, ku yi haƙuri da shi. Amma a liƙi, wallahi in na zagaye bakin gwangwani da dalma, ko a kan raƙumi aka kai shi Kano ɗigo ɗaya ba zai fita ba.

A lokacin, alhaji in zai koma gida yakan sayi Zamzam a gwangwani liƙaƙƙe. Aikina ke nan a wata 'yar rumfa. Mai kawo mini ruwan wani sagga ne, wato mai ɗaukar ruwa a sanda, sunansa Tanko, mutumin Damagaram. Ya girme ni da kamar shekara goma. Ƙato ne, kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi, ga shi ba ya son magana. Kullum da hantsi zai zo da garwa biyu na Zamzam, ya yi bisimilla ya juye a randa, ya ce, "Ɗan Katsina, ga amana." In ce, "Ta iso, Yaya Tanko." Shi ke nan hirarmu.

Abin ya fara ne da yatsa biyu. Wata rana gwangwani na ƙarshe ya rage yatsa biyu bai cika ba, alhaji kuma yana tsaye a waje yana jira. Na duba tulun shana, ruwan bazan ne, wato inda unguwa ke ɗiban ruwa. Na ce a raina, ai duk ruwan Makka ne. Na cika, na liƙe. Alhaji ya karɓa ya sumbaci gwangwanin, ya sa mini albarka. Na jira in ga ko hannuna zai shanye, bai shanye ba. Bayan wata guda sai ya zama rabi da rabi. Shekara na zagayowa na daina wahalar da kaina, bazan zalla nake zubawa da 'yar ƙwayar kanwa don ya yi ɗanɗanon nan, Zamzam ɗin Tanko kuma in sayar daban.

Asirina ya tonu a bakin wata tsohuwa. Mijinta ya kwanta ciwo a masauki kafin su tashi, ta fasa gwangwani ɗaya don ta ba shi. Ta ɗanɗana tukuna. Matar nan ta shekara sittin tana dafa wake, ba a ɓoye mata kanwa. Ta tara mini jama'a a bakin rumfa. Da na ga idanu sun yi yawa sai bakina ya riga ni. Na ce, "Ni liƙi nake yi, jama'a. Abin da sagga ya juye shi nake rufewa."

Masu ruwa suna da shehunsu, kuma ba ya wasa. Aka kwantar da Tanko a gaban 'yan'uwansa aka yi masa bulala, aka hana shi kusantar Zamzam har abada. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗaukar ruwan nan da alwala, ya koma yayyafa wa masu shaguna ƙofa don ƙura ta kwanta.

Kwana uku da yin haka ya zo rumfata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan Katsina, ka zo gaban shehunmu ka faɗi abin da ka yi. Magana biyu ce. In ba ka zo da ƙafarka ba, ranar da na kama ka, a kafaɗar nan zan kai ka." Ya nuna kafaɗar, ya tafi.

Ku lura da kyau, don nan ne wautata take. Bai ce zai kashe ni ba. Bai ce zai karya ni ba. Magana biyu ya nema. Ni kuwa na gwammace in nemi bindiga.

Na rufe rumfa. Na tashi daga Jarwal na koma Misfala, na yi sati biyu na ji kamar ƙarar garwa a bayan gida, na kwashe na tafi Utaibiyya. To ina za ka gudu wa masu ruwa a Makka? Ba lungun da ba sa shiga. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in leƙa taga. Shayi ya huce a hannuna ban sani ba. Matata Asabe ta gaji da ɗaurin kaya, ta ce, "Malam, ko dai ƙuma ce a tabarmar nan? Je ka ba mutumin nan haƙuri mu huta." Na ce mata wannan maganar maza ce. Ta ce, "Na gani. Mazan ne ke ɓuya bayan randa."

Akwai wani tsoho a ƙarshen Jarwal, muna ce masa Baba Shawush, ya yi soja tun zamanin Turkawa. A fili gyaran dafur yake yi, murhun kananzir ɗin nan mai huci. A ɓoye kuwa kowa ya san akwai akwatin bindigogi ƙarƙashin gadonsa. Hukuma ta hana, kuma a garin nan hanin ba na wasa ba ne. Na je da dafur ɗin Asabe a hannu, wai ya toshe.

Ya busa shi ya ce, "Dafur ɗinka lafiya lau. Kai ne ka toshe. Me kake so?"

Na ce, "Abin ɓoyewa a jiki, Baba. Don ɓarayi."

Ya ce, "Ɓarayi. Tayyib." Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

Ya ja labule, ya shimfiɗa tsumma, ya jera guda uku. Gaban kowace ya tsayar da harsashinta. Ta farko 'yar mitsitsiya, tafin hannuna ya rufe ta, harsashinta kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce wannan ita ake kira rubu'i. Ta biyu ta ɗan ɗara, harsashinta kamar ƙwallon dabino, ita ce nusu. Ta uku libarba ce ta tsohon yaƙi, an datse mata hanci, harsashinta ya yi babban yatsana.

Ya ce, "Ji nan, ɗana. Ƙaramin harsashi, ƙaramar bindiga. Ba nauyi, ba ta shuri a hannu, ka manta tana jikinka. Babban harsashi sai babban gida, ga nauyi, in ta tashi kuma sai ta nemi goshinka. Ta tsakiya tana tsakiya. Mutum ba ya zaɓa da ido. Da hannunsa yake zaɓa, da kuma tufar da zai sa. Miƙo hannun."

Na miƙa. Ya juya shi ya ce, "Hannun mai liƙi. Rubu'i ma ta yi maka yawa."

Na ɗauki harsashin rubu'i na auna shi da Tanko a zuciyata. Na ce, "Baba, wannan in ya sami ƙato ai sai ya ɗauka sauro ne."

Ya ce, "Au, ɓarawon naka ƙato ne? Har ka san girmansa?"

Ban saya ba ranar. Na koma gida da harsasai uku suna yawo a kaina. In ina cin abinci, na ɗauki gyaɗa, rubu'i. Na tofar da ƙwallon dabino, nusu. Na yi salla na rasa raka'a nawa na yi, don ina can ina lissafin wace ce za ta tsayar da mutumin da ke ɗaukar garwa biyu ya hau dutse bai yi haki ba. Washegari na koma na ce nusu. Na sa ta a aljihun 'yar shara ta ciki, na zagaya ɗakin, ta zauna daidai kamar don ni aka yi ta. Har na kai ƙofa sai na ji wani sagga ya wuce yana kiran hanya. Na tuna girman Tanko, na ga nusu ta yi kaɗan. Na dawo na ajiye.

Baba Shawush ya ce, "Ya shaikh, ka fi amarya zaɓen zane. Ni na ga yaƙi. Bari in gaya maka, wanda ya san abin da yake tsoro, ƙarama ta ishe shi. Wanda abin yana cikinsa, ko igwa ka ba shi ba zai yi barci ba."

Na ce, "Ni dai ba wa'azi na zo saya ba."

Zuwa na uku na ce babbar nake so. Ya ce harsashinta biyar ne kawai suka rage, tun na Turkawa, har sun yi kore, kuma ba inda zan sami wasu. Na ce biyar sun isa. Ya ce, "A ƙarƙashin me za ka ɗauke ta?" Na buga ƙirji, na nuna masa riga da 'yar shara da ɗamarar fata. Ya soka mini ita a ɗamara, ya saki rigar, ya ja baya ya duba. Ya ce, "In dai da wannan ɗamarar ce, za ta zauna. Kada ka canza tufa."

Na ji wannan magana da kunnena. Ku riƙe ta, ni ban riƙe ba.

Kuna tsammanin na sami natsuwa? Wallahi abin ƙaruwa ya yi. Da ina tsoron Tanko kaɗai, yanzu ina tsoron Tanko da askari, wato 'yan sanda, da iska in ta ɗaga mini riga. Na daina ruku'u sosai a masallaci. Tafiyata ta karkace gefe ɗaya, har wani maƙwabci ya kawo mini maganin gwaiwa. Ban taɓa gwada ta ba ko sau ɗaya, don a Makka in ka yi tari duwatsu sai sun maimaita. Asabe ta gan ta ranar da nake wanka. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Wannan ta wa ce?" Na ce ta tsaro ce. Ta ce, "Mutumin da ka sa aka daka, shi za ka kuma harba? A Harami? Ka san abin da ake yi wa wuyan wanda ya kashe rai a garin nan." Ta ɗaure kayanta ta tafi gidan yayarta. Wannan karon ba ni na sa ta ɗaurin ba.

Da alhazai suka cika gari na yanke shawarar gudu Jidda. Wani direban lori ya ce in same shi wajen wanzaman Marwa da hantsi. Matsalar ita ce isa can. Duk hanyar da zan bi akwai sagga, kuma duk sun san rigata da tafiyata. Sai dabara ta zo mini, har na yi wa kaina kirari. Wa ke duban fuskar mai ihrami a lokacin haji? Dubbai ne, duk fari fat, duk kai a buɗe. In aske gemu, in ɗaura ihrami, in bi ayarin masu Safa da Marwa, su kai ni har gaban wanzamai.

Ku da aka haifa a nan kun san ihrami. Ƙyalle biyu ne, ba ɗinki, ba aljihu, ba wando a ciki. Ɗamarar fatata kuwa duk Jarwal an san ta, mai jan baki ce, na bar ta. Na naɗe zanen ƙasa a ƙugu, na murɗa bakinsa, na cusa libarbar a cikin murɗin, na saki mayafi a kai. Na yi taku uku a ɗaki, ta zauna. Na ce Baba Shawush tsufa ne ke damunsa.

Ku da kuka taso yanzu ana rushe-rushe ba ku san Mas'a ta da ba, wato tsakanin Safa da Marwa. Kasuwa ce sosai. Shaguna hagu da dama, masu tasbaha, masu turare, masu canji, ga jakuna suna ratsawa, alhazai kuma suna ibadarsu a tsakiya. Na sami wani ayari na mutanenmu a gindin Safa, muɗawwifinsu yana gaba yana jan addu'a suna amsawa. Na shige tsakiyarsu ina amsawa da ƙarfi fiye da kowa. Allah Ya yafe mini wannan ma.

Mun ɗan taɓa tafiya sai na hango shi. Tanko, da sandarsa da garwarsa, yana yayyafa ruwa a ƙofar wani mai turare. Kuma ba ko'ina yake ba sai tsakanin korayen alamun nan biyu, inda maza ke sassarfa.

Zan faɗa muku abin da ke raina a lokacin, don shi ne dalilin wannan rubutu. Ban yi tunanin juyawa ba. Ban yi tunanin in je in durƙusa ba. Cewa na yi, in ya ɗago ido ya gane ni, in ya ajiye sandar nan, zan harbe shi. Da ihrami a jikina, da addu'a a bakina, a tsakanin Safa da Marwa. Na zura hannu ƙarƙashin mayafi na sassauta murɗin zanen don ta yi saurin fitowa.

Sai muɗawwifi ya ce, "Yalla ya hujjaj, sassarfa!"

Maza suka zabura. In na ci gaba da tafiya a hankali ni kaɗai cikin masu gudu, kowa zai dube ni. Dole na zabura. Taku na farko libarbar ta daki cinyata. Na biyu ta ja murɗin ƙasa. Na uku na kai hannu in tare, wani alhaji mai jiki ya bangaje ni ta baya yana ta istigfari. Na huɗu ban san yadda aka yi ba, na ji iska inda iska ba ta saba zuwa ba.

Zanen yana ƙasa. Libarbar ta daki dutsen daɓe, ta yi ƙara kamar an yar da guduma, ta silale a kan jiƙaƙƙen wurin da Tanko ya yayyafa, ta je ta tsaya a gaban ƙafarsa. Mayafin ma alhajin nan ya tafi da shi a hannu bai sani ba. Ga ni tsaye a tsakiyar Mas'a yadda uwata ta haife ni, ba gemu, hannu biyu ba su isa ba. Nusu da na raina, da tana nan a murɗi. Rubu'i ma da ko motsi ba ta yi ba.

Mata suka juya fuska suna salati. Wani ya yi ihu da Larabci cewa ga makami. Na ji usur ɗin askari daga wajen Safa. Tanko ya dubi bindigar, ya dube ni. Ya gane ni sarai. Ya ajiye sandar.

Na rufe ido. Na ce yau kafaɗar nan za ta ɗauke ni.

Sai na ji ƙyalle a ƙuguna, jiƙaƙƙe, yana warin gumi. Futa ce, wato zanen da yake naɗewa a kafaɗa don sanda, ya warware. Ya zagaya ni da ita, ya ɗaure da kansa, ya ja ƙullin har na yi nishi. Ya ce a kunnena, "Rufa, ɗan Katsina. Iyayen mutane na kallo." Sai askari suka iso.

A gaban alƙali aka kira shi shaida. Askari sun riga sun ji labarinmu a bakin masu shaguna, kowa ya san don wa na ɗauko ta. Alƙali ya tambaye shi ko na nuna masa bindigar. In ya ce i, ba wanda zai ƙaryata shi, kuma hukuncin ba zai tsaya inda ya tsaya ba. Tanko ya ce, "Allah Ya gafarta malam, ni bindiga na gani a ƙasa, na ga mutum ba zane. Ban gan ta a hannunsa ba." Alƙali ya ce ko yana da wani haƙƙi a kaina. Ya ce, "Magana biyu."

A nan na faɗe su. Na ce ni na zuba bazan, ni na sa kanwa, Tanko Zamzam yake kawowa tsarkakakke. Ban kai ƙiftawar ido goma ina faɗa ba. Abin da na yi wata huɗu ina gudu ke nan, na rasa rumfa, na rasa gemu, na kusa rasa wuya.

Na sha bulala, na kuma yi shekaru a sijin, wato kurkuku. Ba zan ba ku labarin ciki ba, sai dai in ce akwai ƙwarƙwata da ta san sunana. An tambaye ni inda na sami libarbar, na ce wurin wani mai dafur. Da aka je, tsohon ya riga ya bar gari da akwatinsa. Har yau ban sani ba ko korayen harsasan nan suna tashi. Wani lokaci nakan ce ƙila ba sa tashi, don in ji sanyi. Amma niyyata ta tashi, wannan kam na sani, kuma ita za a tambaye ni.

An mayar da Tanko bakin Zamzam. Duk Juma'a yakan zo ƙofar sijin da 'yar buta ya ba mai gadi, ya ce a ba ɗan Katsina. Bai taɓa neman ganina ba. Ranar farko da na kurɓa na yi kuka, don na gane na manta ɗanɗanonsa na gaskiya, bakina ya saba da kanwa.

Da aka sake ni na tarar Asabe ta jira, ko da yake ta ce ba don ni ba ne, don ba ta son sabon ɗaurin kaya. Ba wanda zai ƙara ba ni gwangwanin Zamzam in liƙe, kuma suna da gaskiya. Sai na koma liƙa wa masu ruwa garwarsu in ta huje. Tanko ne ya fara kawo tasa. Ya rasu shekarun baya, ni na zuba ruwa a wankansa. Alhazan nan kuwa da suka ɗauki ruwan bazan har ƙasashensu, suka ba marasa lafiyarsu da imani, ban san sunayensu ba balle in nemi gafara. Kullum ina roƙa musu, ina roƙa wa kaina.

To, samari, na ji wasunku suna zama a gahawa, wurin shan shayi, suna gardamar wace ce ta fi, rubu'i ko nusu, wai don tsaro. Ni na yi wannan gardama da kaina har sau uku, ku ji daga bakin wanda ya zaɓa. Kafin ka tambayi girman harsashi, tambayi kanka wa kake tsoro, kuma me ka yi masa. In ka tarar akwai magana biyu da ya kamata ka je ka faɗa, tashi yanzu ka je, tun da rigarka a jikinka. In kuma gwangwani ya rage yatsa biyu, ka ce wa mai shi bai cika ba.

Futar Tanko tana nan a akwatina. Na kai masa bayan na fito, ya ƙi karɓa. Ya ce in riƙe, bai yarda da ɗaurina ba.